Reshen da Ya Tsallako Shinge

A Bedford layinmu gidajen jan bulo ne,
ƙofa kusa da ƙofa kamar haƙoran mataji.
Maƙwabcina Saverio ya ce rabin bulon nan
hannunsa ne ya fid da shi daga wuta,
shekarun da aka kwaso su daga Montefalcione
da takardar aiki, da akwati ɗaya,
da reshen inabi a cikin jiƙaƙƙiyar safa.

Ya dasa reshen a bayan gida.
Ya kama, amma bai taɓa yafe wa ƙasar ba:
ganye fal kamar na kabewa,
'ya'ya kuwa tsami sai ka runtse ido.
"Rana yake nema," in ji tsohon,
"ni ma ita nake nema, shekara sittin."

Shi ya sa duk Oktoba babbar mota ke zuwa
da akwatunan inabin can gida.
Motarsu ta kwana a titi, ganguna su kwana a gareji.
Rocco, ɗansa, yana juya injin matsa yana mita,
Filomena tana kawo burodi da faɗa,
zanzaro na kai da komo a buge,
ƙamshi ya bi ta ƙarƙashin ƙofata
ya zauna a falo ba sallama.

Ya san ba na sha. Bai tambaya sau biyu ba.
Ranar matsa sai ya miƙo kofi ta kan shinge:
"Maza, Ɗanlami, yau ruwa ne kawai,
jibi ya bar addininka."
Na kurɓa, zaƙi har cikin kunne.
Shi ya yi dariya, ni na yi hamdala.

Ba ya awo. Yatsa yake tsomawa ya lasa,
ya kara kunne jikin ganga
kamar ungozoma da cikin wata tara.
Kowace kwalba ya rubuta mata shekara da alli,
wasu har da dalili:
wannan ta haihuwar Rocco,
wannan ta shekarar da wutar bulo ta mutu,
wannan ta Filomena, tun da aka kai ta makwanci
ba mai taɓa ta ko da goge ƙura.

Ya tafi a Fabrairu, itacen na barci.
Rocco ya ɗauki hoton injin zai sa a kasuwa.
"Na kanti ya fi araha," ya ce, bai dube ni ba.
Sai Nunzia, jikar, mai haɗa magani a asibiti,
wadda Italiyancinta bai wuce gaisuwa da sunan abinci ba,
ta hau kan ganga ta zauna
ta ƙi sauka.

Da kaka ta zo da ma'aunin sukari, da littafi, da safar hannu.
Uban na bakin ƙofa, hannu a aljihu,
har ya ga ta riƙe sandar juyi a karkace.
Ya furta wata kalma da harshen tsohon,
ya naɗe hannun riga.

Ganga uku suka haɗa. Biyu sun yi.
Ta ukun iska ta shige ta, ta juye.
Da sanyi ya saki, Nunzia ta ƙwanƙwasa mini ƙofa,
kwalba a hannu, alli a yatsu, ido jajir:
"Wannan ta lalace, ta koma khal.
Baba ya ce da tsohon na nan
cewa zai yi ta dawo addininka."

Da ita nake yayyafa kwaɗon latas har yau,
kaɗan-kaɗan, kada ta ƙare.

Bana reshe ɗaya ya tsallako shinge,
ya kama igiyar shanyarmu ya nannaɗe.
Matata ta fito da almakashi.
Na ce bar shi, baƙo ne,
daga nesa ya taso,
har yanzu masauki yake nema.