Kujerar Saude

Ran Alhamis, kasuwar Maigatari,
tun asuba nake lodi a bakin tasha.
Jarkar man gyaɗa huɗu na ɗaure da roba,
na ja, na ƙara ja, har tafina ya yi ja.
Kiret ɗin ƙwan Iya Tabawa
na shimfiɗa masa buhu, na tokare da tsumma.
Akuyar Barau ma an yi mata dabaibayi,
an kwantar da ita a but kamar mai jego.

Kowane kaya da igiyarsa.
Saude kaɗai, 'yata, shekara uku ba wata biyu,
ita ce ba a ɗaure ba.
Tana gaba, a cinyar uwarta,
tana gurgurar ƙuli, tana ƙirga turakun lantarki:
ɗaya, biyu, biyar, tara.

Mukan ce hannun uwa ya fi bel.
Ni ma na faɗa, ban san sau nawa ba.

Mun bar Gumel kaɗan, daidai wata tsamiya,
maraƙi ya ɓalle daga garke.
Na take birki.
Wallahi ba gudu nake ba, sittin ne ko ƙasa,
amma hannun Indo ya buɗe kamar ba nata ba.
Ƙarar ba ta kai ta faɗuwar ƙwarya ba,
ita ce har yau ke tashina cikin dare.

Da muka fito muka duba,
mai bai zuba ba ko ɗigo.
Ƙwai talatin, talatin ɗinsu.
Akuya na tuƙa abinta.
Goshin Saude ne ya tsage,
jini ya sauko ya rufe mata ido.

Ɗinki biyar.
Malamar asibiti ba ta yi mini faɗa ba,
tana naɗe bandeji ta ce,
"Direba, cikin kayan da ka ɗauko yau,
wanne ya fi tsada?"
Na dubi silifas ɗina.
Har muka fita ban sami bakin amsawa ba.

Da aka sheƙe riɗi na sayar da buhu guda,
na shiga Kano, layin 'yan gwanjo,
na sayo kujerar yara, shuɗiya, ta sha wanki,
da tabon alawar wani yaron da ban sani ba.
Wuni na yi ina kokawa da ita a kujerar baya
kafin bel ya ce ƙyas.

Ɗan kamasho ya riƙe baki:
"Wurin mutum ɗaya da rabi ka toshe,
kullum kuɗin mota na tafiya a banza!"
Barau ya ce, "Abin da aka rubuta ai ba ya gogewa."
Na ce, "Haka ne, Barau, ban musa ba.
Kai ma ka yarda da ƙaddara,
amma ban ga ka saki akuyarka a but ba."

An ce akwai doka,
masu kiyaye haɗura sun faɗa a rediyo:
yaro a baya, yaro a ɗaure.
Madalla da su.
Tawa dokar ba a takarda na karanta ba,
tana nan saman girar hagu,
tsawon ɗan yatsa, tana ƙyalli in ta yi gumi.

Kwana uku tana kuka in an ɗaure ta,
tana miƙa wa uwarta hannu.
Indo ta koma baya kusa da ita,
ta ba ta yatsa ɗaya ta riƙe.
Yanzu ita ke tuna mini in na yi gaggawa,
har 'yar tsanarta ta kara takan cusa ƙarƙashin bel.

Ranar da ba ta bi ni ba, kujerar ba ta zama haka.
Jiya ɗan wata mai nono ne ya yi barci a ciki
tun daga rugarsu har bakin kasuwa.
Ban karɓi kuɗinsa ba.

Yau Alhamis. Ina kallon ta a madubi.
Ga tsamiyar can, mun wuce.
Tana ƙirga turaku, goshi a jikin gilashi:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.