Ƙofa Ta Dubu Uku Da Ɗari Uku Da Shida

Tanimu ya kira ni ana shirin la'asar,
muryarsa kamar ta mai bin bashi:
"Sakamakon jini na jibge a Tudun Wada,
likita na Samaru, allonsa fari fat.
Mutum goma sha ɗaya a kan benci,
har da dattijuwar da ta zo daga Giwa ba ta karya ba."

Na ture kofin shayi, na jawo kujera.

Ƙofofin birninmu yaro ma ya lissafa,
Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Tukur-Tukur.
Amma baƙin akwatin can da ke gurnani ƙarƙashin tebur
ƙofa dubu sittin da biyar gare shi da ɗoriya,
ba mai suna, sai lamba,
ni kuwa guda tak nake nema.

Na fara jefa tsakuwa kan rufin kwano
in ji ko gidan na nan.
Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal.
Huɗu na jefa, huɗu suka dawo da labari.
To, gida bai tashi ba.
Sai dai ganin gida ba shi ne shiga ba.

Na yi sallama a ta ashirin da biyu,
ta amsa kafin in rufe baki, har da faɗin sunanta.
Tarbiyyarsu irin tamu ce:
ka yi sallama, a amsa, ka ce ka ji,
kana a shimfiɗa tabarmar zance.

Sai na nufi tawa.
Na yi sallama.

Fanka na juyi.
Wani mai Keke Napep na zagin wani a Kwangila.
Ɗigon da ke allo yana ƙifta mini ido
daƙiƙa talatin cur,
sannan ya ce lokaci ya ƙare.

Amsa uku ce a sana'ar nan:
shigo, ko ba a shiga, ko shiru.
Shirun nan shi ne mugun.
Ba ka san ko hanya ce ta cinye saƙon ba,
ko mai gadi ne ya karɓa ya cusa a aljihu.

Mai gadi ne.
Wanda ya kafa katangar bara ya tafi bautar ƙasa
da dokokinsa a kansa.
Na bi su layi-layi, na ƙara guda:
in daga Samaru ne, a bar shi ya wuce.

Na sake sallama.
Nan take aka ce: an ƙi.
Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai,
har mai kwafin takardu na maƙwabta ya leƙo.
Ina zai gane mutum ya yi murna don an kore shi?
Wanda ya ce maka a'a, ai ya ji ka.

Na shiga ta ashirin da biyun, na zagaya ta ciki,
na tarar da ita zaune lafiya lau,
kunnenta a buɗe,
amma an saita ta kar ta saurari kowa sai kanta.
Layi ɗaya na gyara. Na kashe, na tayar.

Sallama.
A buɗe.

Tanimu ya turo: "Ya shigo! Allah ya yi albarka."
Dattijuwar Giwa za ta sha kununta.

Na kulle shago bayan isha'i.
A bakin titi na ciro waya,
na nemi lambar yayana Sha'aibu,
wata bakwai ke nan tun rabon gonar Dakace.
Tana shiga. Gidan na nan.
Na ƙirga ƙarar har ta gaji ta tsinke.

Yaya, ko kashewa ce ka yi,
in san ta iso.