Jika Goma Sha Bakwai

Ranar da bashin albashi ya faɗo
na ce da Laure, ɗaura atamfar nan mai ruwan ganye,
yau ba ki hura wuta.
Wata bakwai ina wuce ƙofar nan bisa babur
ina leƙen jajayen fitilu ta gilashi
kamar ɗan akuya a gindin rumbu.

Sanyi ya mare mu tun daga ƙofa.
An zana hasumiyar ƙarfe a bango,
ƙafarta guda ta gaza sauran.
Wata mata a rediyo tana kuka da Faransanci
kan wani da ya tafi bai yi sallama ba.

Yaro ya zo, ɗan ƙyalle a maƙoshi kamar malam-buɗe-littafi,
ya rusuna: bonsuwar mushe, bonsuwar madam.
Laure ta zungure ni.
Ba Sa'adu ba ne, ɗan Tsahara mai koko ta Bagalam?
Shi ne. Ya gane mu sarai.
Hausar ce ta maƙale a bayan ƙyallen.

Ni da na ci alli shekara ashirin a lakwal
ina koya wa yara harshen nan,
rabin sunayen abincin ba mu taɓa gaisawa ba.
Na nuna da yatsa, kamar mai zaɓen rago a duhu.

Aka kira isha'i a masallacin Zariya,
aka idar, aka watse,
muna nan da burodi yanka huɗu
wanda ya kwana, ya sake kwana,
da man shanu ƙwaya guda da zai shige ramin haƙori.

Miyar albasa ta iso.
Ruwan zafi ne da ya taɓa jin labarin albasa,
a garin da motocin Galmi ke ratsawa dare da rana.

Sai nama.
Faranti faɗin faifai,
shi ko yana tsakiya kamar hatimi a takardar ofis,
da koren wake sili uku suna gadinsa.
Na sa wuƙa, ya goce.
Na danne, ya yi jini.
Laure ta ce, Malam, wannan sa bai gama mutuwa ba.
Ta roƙi yaji,
aka kawo wani itace tsawon taɓarya,
aka murɗa shi sau biyu bisa farantinta, aka tafi da shi.

Nan wuta ta ɗauke.
Matar rediyo ta haɗiye kukanta.
A duhun, cikin Laure ya karɓa.

Na tashi neman wurin wanke hannu,
na tura ƙofar da ba ita ba.
Bayan gida, ƙarƙashin bedi, ga fitilar waya:
kuku ya ɗora farar hularsa bisa gwiwa,
shi da maigadi da Sa'adu
sun kewaye kwanon dambu da zogale,
ƙuli-ƙuli, tattasai, man gyaɗa yana sheƙi a yatsu.
Ƙamshin ya kama ni a wuya.
Sa'adu ya ɗago, babu ƙyalle:
Malam, bismilla mana!
Na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi.
Cikin duk abin da na haɗiye daren nan
wannan ce ta fi tauri.

Jika goma sha bakwai.
An kawo takardar cikin ɗan akwati, kamar sadaki.
Laure ba ta ce uffan ba,
amma na ga leɓenta yana motsi,
tana mai da kuɗin tiya-tiya na hatsi.
Ta naɗe burodin a bakin mayafi, wai na kaji.

Mai tsiren kwanarmu ya riga ya kashe tukuba.

A gida na tsuguna ina riƙe mata tocila,
ita ko da atamfa mai ruwan ganye, ɗankunne bai fita ba,
tana hura wuta ƙarƙashin tuwon jiya.
Hayaƙi ya sa ta hawaye, ko dariya ce, ban tambaya ba.
Ta ce, mushe,
miƙo mini ludayi.