Tsutsar Ƙanƙara

Ni ne mai gadin makarantar kan tudu,
can sama da tafkin Titicaca,
inda sanyin asuba ke cizon kunne,
rana kuma in ta fito ta ƙone kumatu.
Shekara sittin ina noman dankali,
na san abin da na sani:
farar tsutsar da ke cin sa ta ciki,
ƙanƙarar sama ce ke haifar ta.
Kakana ya faɗa, ubana ya maimaita,
ni ma na gaya wa nawa.

Sai Malama Celestina ta iso da jaka ɗaya
da kwalaben zuma bakwai da ta wanke.
Ta roƙi fegin bayan aji
inda tumakin Huanca ke zuwa sata.
Yara ashirin da uku, fartanya huɗu,
suka ja kunyoyi a karkace
kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

Ranar tono Nilda ta tsaga dankali,
ta yi ƙara, ta yar, ta sake ɗauka.
Ga ta nan a naɗe, fara fat, da jan kai,
ta ƙoshi kamar jaririn attajiri.
Na ce, "Aikin ƙanƙarar watan jiya ne."
Malama ba ta ce na yi kuskure ba.
Ta ce, "Baba Tiburcio ya kawo zance.
Wa zai tambayi tsutsar da kanta?"

Suka cika kwalba da ƙasa,
suka saka ta, suka ɗaure baki da tsumma,
Severo ya manna takarda da kwanan wata.
Ta nutse. Shiru.
Sati ya wuce, wata ya bi shi, wani ya sake bi,
kullum da safe hanci ashirin da uku a jikin gilashi.
Eusebia ta yi kuka, wai ta mutu.
Fortunato ya ce a bar ta, barci take.
Suka zana ta: ta gina ɗakin laka,
ta sandare, ƙafafu na leƙowa
kamar mai laluben hannun riga a duhu.

Ranar da ruwan fari ya sauka
wani ƙwaro ya fito yana miƙa,
ruwan ƙasa, guntun baki, ba ya tashi sai tafiya.
Ai na san shi!
Shekara sittin ina take shi a gona,
ban taɓa tambayar ɗan wa ne ba,
balle uban wa.

Wani dare suka ari fitilata.
Iyaye cikin bargo, yara a tsugune,
muka ga danginsa na hawan kara,
suna gatsa gefen ganye kamar jinjirin wata.
Nilda ta ƙirga arba'in da ɗaya.
Severo ya ce arba'in ne,
ɗaya ta ƙirga shi sau biyu.

"Tunda da ƙafa yake zuwa,"
in ji autarsu, mai giɓi a baki,
"a yi masa katanga mana."
Da shuka ta zagayo suka kewaye fegin da leda, tsayin gwiwa,
suka bar kunya biyu a waje don gwaji.

Bana ƙanƙara ta sauka sau uku,
ba ta zaɓi ciki ba, ba ta zaɓi waje ba,
duk ta dake su.
Na cikin leda, tsutsa uku kacal a buhu.
Na waje kuwa, kamar rariya.

Jiya na sauka kasuwar Ilave na sayo leda.
Matata ta dube ni, ta dubi ledar.
Na ce mata aikin gida aka ba ni.
Na kuma roƙi Malama kwalba guda,
don akwai wani koren abu a ganyen wake
da na daɗe ina ɗora wa iska laifinsa.