Kwanon Mai Rabo

A Gadarif, a makarantar da aka kwashe bencinanta
aka shimfiɗa tabarmi,
ni ce mai ludayi.
Tun kafin assalatu nake fifita gawayi,
tukunya uku: adas, adas, adas,
da albasa in Allah ya kawo.

Baki ɗari biyu da sha bakwai,
in ba a ƙaru da dare ba.
Na san kwanon kowa.
Na san mai lotsattsen gefe na tsohon nan ɗan Madani,
na san bokitin fenti da yaran Sinja suka goge da toka.
Nawa kwanon ne ban san inda ya shiga ba.

Wata huɗu ina cewa sai an jima.
Ruwa, sai an jima. Barci, sai an jima.
Ƙwayar hawan jini na ƙulle a bakin mayafina
har ta koma gari.

Ranar Talata ƙasa ta juya da ni.
Sun ce ban faɗi da ƙarfi ba,
sulalewa na yi, kamar buhun dawa da ɓera ya huda.
Ranar sai bayan la'asar aka ci abinci,
don mace ɗaya ta ƙi karyawa da safe.

Hajja Sittana mai kisira
ko sannu ba ta ce min ba.
Ta ce, "Kubura, rijiyar da ba a bari ta kwana,
laka take bayarwa."
Ta dangwara min ƙoƙo a cinya,
ta tsaya a kaina kamar mai bin bashi.

Yanzu kafin in zuba wa kowa
nakan zuba nawa, in rufe da faifai.
Ranar farko wata yarinya ta tsura min ido ina ci,
loma ta tsaya a maƙogwaro.
Na kora da ruwa. Na ƙarasa.

In an yi azahar, ludayi na hannun Ɗalhatu.
Yana cika wa wasu, yana rage wa wasu,
ni kuwa na koyi kau da kai.
Gindin darbejiya, ƙafafu cikin ruwan gishiri,
jabana da citta a ɗan finjali mai tsagewa,
waya a kife.
Ƙanena na Umdurman har yau shiru,
kuma shirun ba ya raguwa
don na duba sau ɗari.

Rabin sa'a ce kawai.
Wata rana kuka nake yi a cikinta,
wata rana in yanke farce,
jiya kuwa barci ya sace ni, baki buɗe,
yara suka yi ta dariya.

Na rubuta sunana da fenti a gindin kwanon.
Da safe aka ce mutum tara sun iso daga hanyar Faw.
Na ƙara ruwa a tukunya ta biyu,
na haɗiyi ƙwayata,
na zauna na ci tukuna.