Mai Duba Sikeli

Shekara talatin da ɗaya ina yawo da jakar duwatsun awo
a Kasuwa ta Huɗu, nan birnin Asunsiyon.
In ɗora kilo a farantin mai nama,
in allura ta tsaya daidai in buga hatimi,
in ta kauce in ɗaure sikelin da waya.
Aikina ke nan, ban iya wani ba.

Yau ba mai awo, ba mai saye.
Rediyon Gumersinda na zaune bisa buhun rogo,
ana kiran 'yan majalisa da suna, ɗaya bayan ɗaya.
Ranar Laraba shugaban ƙasa ya dafa ƙirji
ya ce bai taɓa ganin ɗan kwangilar gadar nan ba.
Ranar Juma'a hoto ya fito:
su biyu a kwalekwale guda, kifi guda a hannu,
wannan ya riƙe kai, wancan wutsiya,
haƙora duk a waje.

Fulgencio mahauci ya kafa wuƙa a gungume:
"A tsige shi!
Wanda ya ɓoye kifi, gobe kogin zai ɓoye."
Gumersinda ta ce, "Sannu, waliyyi.
Gada dai na tsaye, jiya na bi ta kanta da kaya.
Masu ɗaga hannun nan, wa ya taɓa auna su?
Gwano ba ya jin warin jikinsa.
In ƙarya ɗaya ke korar mutum daga kujera,
wa zai saura ya kashe fitilar ofis?"

Sai suka juyo kaina.
"Anacleto, kai ne mai awo. Faɗi."

Na zuƙi ruwan ganye mai ƙanƙara,
na miƙa ƙoƙon ga na kusa.
Na san sikelin da ya ci giram goma
ba giram goma kaɗai ya ci ba.
Ya ci natsuwar matar da ta koma gida
tana jinjina leda, tana zargin hannunta.
Daga ranar nan ko gaskiya ya nuna
sai an je rumfar gaba an sake gwadawa.

Amma akwai abin da ban faɗa ba.
Shekarar da kogi ya shigo unguwar gangare,
sikelin Gumersinda ya zarce da giram arba'in,
miji a gadon asibiti, yara huɗu a ɗakin aro.
Na ga allurar da idona.
Na kalli kwanon rufi. Na buga hatimi.
Na rubuta "daidai" a littafin hukuma
da hannun nan da ke riƙe ƙoƙo.
Ba wanda ya ɗauki hoto.
Ban ajiye aiki ba.
Na karɓi albashin watan, na sayi takalmi,
takalmin ya daɗe kuwa.

Laifi tudu ne, in ji kakata,
kuma daga kan nawa fadar shugaba tana fitowa tas.

Na ce musu, "Tsigewa ta majalisa ce,
su ƙirga hannuwansu, in sun kai sun kai.
Ni wani abu nake jira:
mutum ya sauka daga faranti da ƙafarsa
tun ba a zo da waya ba."
Fulgencio ya yi tsaki: "Wa ka taɓa gani ya yi?"
Na ce, "Ban gani ba."

A ƙuri'a ta talatin da bakwai batir ya mutu.
Aka jijjiga rediyo, aka mare shi, shiru.
Wata yarinya ta zo sayen kilon rogo.
Gumersinda ta auna, allura ta tsaya,
sai ta ɗora ƙaramin saiwa a kai, gyara,
kamar yadda take wa kowa tun shekarar ruwan.
Ba ta dube ni ba.

Na rataya jaka na nufi tashar bas.
Ofishinmu na rufewa ƙarfe huɗu,
yanzu uku da rabi,
hatimin kuma na aljihun hagu
yana bugun cinyata a kowane taku.