Inda Ruwa Ke Kwana

Shekara goma sha ɗaya ina gada.
Ba habaici nake ba: gadon bayana
shi ne gadar mutanen Wuro Njidda
duk ran da sama ta ɓarke bisa duwatsun Marwa,
mayo ya tumbatsa, ya zo ya miƙe ƙafa a kan hanya
kamar wanda ya biya haya.

Dala ashirin mutum.
Dala arba'in buhun albasa.
Babur kuwa sai mu huɗu, a kafaɗa kamar makara,
mai shi na biye, wando a hannu, yana salati.

Na goya malamin lakwal da takardunsa a ka.
Na goya Goggo Dudu da ƙwaryarta,
tana zagina da Fulatanci daga wannan gaɓa har waccan,
wai ina karya mata kindirmo.
Wanda ban goya ba, Sali ne.
Ya ce ba ko sisi a aljihunsa. Ban ce masa zo ba.
Kwana biyu aka tsince shi a bakin wata gona,
takalmansa na rataye a wuya
don kada su jiƙe.

Dubi hagu, inda rufin kwano ke kashe ido.
Baƙar laka ce a da.
Nan ruwa ke sauka wata uku,
in zai tafi ya bar mana masakwa, tukuicin masauki.
Sai aka zo da igiya da turakun siminti,
aka yayyanka fadama, kowane yanki da lamba.
Katanga ta haifi katanga.
Ruwa ya dawo, ya tarar an sa wa ɗakinsa kwaɗo,
sai ya shigo namu.

Bana ga katafila.
Ban ce don su aka yi ba. Na dai lura
hanyar nan ta daɗe tana kuka ba mai ji,
sai da ta haɗiye tayar mota mai baƙin gilashi.

Injiniyar, Madam Ngono, farar hular kwano,
ta ce wa ya san ruwan nan?
Aka nuna ni.
Na ɗaga riga: nan, cibiya, watan bakwai.
Nan, hamata, watan takwas.
Ta auna ni da awo kamar tela,
ta goge wani abu a takarda,
ta ƙara wa kwalbatin baki ɗaya.

Yanzu kankare nake kwaɓawa, jaka biyu a wuni.
Kabarin sana'ata nake haƙa,
kuma wallahi da ƙarfina nake haƙa.
Kowane shebur, na ce: Sali, ga naka.

Wata rana na tambaye ta:
in ya bi ta ƙarƙashi, ina zai kwana?
Ta nuna gabas da biro.
Bakin biron ya sauka daidai dangar Goggo Dudu.
Mu biyu muka yi shiru.
Ta ce wannan kashi na biyu ne, in kuɗi sun fito.
Ruwa kuwa bai iya jiran kuɗi ba.

Daren jiya aka yi na fari.
Da asuba na tsaya a kan sabuwar marmara,
ƙafata busasshiya, abin har kunya.
Yana wucewa ƙarƙashina, ja wur, yana gurnani,
bai gane ni ba.
Wata yarinya da jakar makaranta
ta sheƙa a guje, ko ƙasa ba ta duba ba,
ba ta biya kowa ba.

Bayana ya yi ƙaiƙayi.

Na saɓa shebur, na nufi gabas.
Tun daga nesa nake jin muryar Goggo,
tsaye cikin ruwa iya idon sawu,
ta riga ta fara zagina.